Wai me zamu kira "punk" da Hausa ne?

Jama'a dan Allah ku kawo dauki, tun jiya nake wani dan rubutu akan faifan farko na kungiyar mawakan nan Ramones amma kalma daya ta tsaya min a wuya, punk, wato sunan salon kidan da suke yi. Da farko nace bari kawai in rubuta "fank" tunda bakinmu bai saba da p ba, sai na tuna ai funk din su James Brown ma fank zamu ce, alhali ko kusa ba kida daya bane.

Su dai Ramones samari hudu ne daga Forest Hills a New York, ba dangin iya ba na baba amma kowannensu ya lika ma kansa sunan Ramone. A Afrilun 1976 faifan ya fito, waka 14 amma duka duka minti 29, dala 6,400 kacal aka kashe wajen dauka, a lokacin da manyan mawakan rock ke share wata da watanni a situdiyo. Jita ce da karfi da gudu, ba kwalliya ba jan rai, kafin ka gyara zama waka ta kare. Bai yi kasuwa ba, a na 111 ya tsaya a Billboard, jadawalin fayafayan da suka fi kasuwa, sai 2014 ya cika kwafi dubu 500 a Amurka, amma bayan wasan da suka yi a dakin wasa na Roundhouse da ke Landan ranar 4 ga Yulin 1976 samarin Ingila da yawa suka kara samun karfin gwiwa, ashe ba sai ka kware zaka hau dandali ba.

Wani abokina yace kidan 'yan iska, wallahi ban yarda ba, kalmar ta yi nauyi kuma wani waje daban take kai hankali. Wata 'yar uwa tace kidan tawaye, ta dan kusa, to amma reggae fa? Kuma wakokin faifan nan yawanci zaman kashe wando ne da soyayya da gundura, ba siyasa ba.

Ni hankalina ya fi kwanciya da kidan tsageru. Ita kanta punk din zagi ce a turancin Amurka, yaro mara kunya da ba a dauka a bakin komai ba, masu kidan suka rungumi zagin ya zama sunansu. Abu daya ke damuna, kunnenmu ya saba da "tsagerun Neja Delta" a rediyo, kada mai karatu ya zaci masu bindiga ake nufi. Malamanmu na Hausa, tsageru ko takadarai, wanne ya fi zama?