Ziyarar tsibirin Sao Tome: wane wata ne ya fi dacewa?

Uwar Biyu: Assalamu alaikum. Ni da maigidana mun ƙuduri aniyar yin mako guda a Sao Tome, tsibirin nan da ke tekun Atlantika kusa da gaɓar Afirka ta Tsakiya, kuma burina shi ne in ga matsirgar ruwa tana zubowa da ƙarfinta, shi kuwa hankalinsa yana kan bakin teku. Shin akwai watan da zai haɗa mana biyun?

Matafiyi: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ranin tsibirin, wanda mutanen can suke kira gravana, yana kamawa daga Yuni zuwa Satumba, kuma a ganina shi ne lokacin da ya fi sauƙin zirga-zirga, domin hanyar kudu ba ta da daɗi idan ruwa ya sauka. Matsirgar Sao Nicolau da ke cikin tsaunuka kusa da tsohuwar gonar kofi ta Monte Cafe tana gefen hanya, ba ta buƙatar doguwar tafiya a ƙasa, sai dai a wannan lokaci ruwanta yakan ragu.

Tsohon Malami: Malam Matafiyi ya faɗi gaskiya game da hanya, amma ni da na je a Janairu ina ganin Hajiya za ta fi samun biyan buƙata a lokacin. Tsakanin Disamba da Fabrairu ruwan sama kan ɗan tsagaita, alhali ƙoramu suna cike da ruwan da ya riga ya sauka. Da na tsaya a gindin Sao Nicolau, feshin ruwan ya jiƙa mini riga kafin in matsa kusa, kuma gansakukar da ta lulluɓe duwatsun tana da santsi ƙwarai, saboda haka ki sa takalmi mai riƙe ƙasa.

Abin da ya fi ratsa ni shi ne bakin tekun Praia Jale a can ƙarshen kudu, inda kunkurun teku ke fitowa cikin dare a waɗannan watanni su haƙa rami su zuba ƙwai. Masu gadin wurin sun hana mu haska fitila, muka zauna shiru muna jin uwar tana watsa yashi da hannuwanta tana numfashi da ƙyar. A kan hanya za ku hangi Pico Cao Grande, dutsen nan mai tsini da ya kai mita 663, idan gajimare bai rufe kansa ba.

'Yar Teku: Hajiya, ki gargaɗi maigida cewa ba kowane bakin teku ake shiga ba. Igiyar ruwa a Jale tana da ƙarfi, kuma Boca do Inferno, inda ruwan teku ke bugun duwatsu yana feshi sama, wurin kallo ne kawai. Idan iyo yake so, Lagoa Azul da ke arewa, mai itatuwan kuka a gefe, ya fi kwanciya. Ku kuma ware yini guda ku hau kwale-kwale zuwa ƙaramin tsibirin Rolas, inda layin ikwaita ya ratsa.

Uwar Biyu: Allah Ya saka muku da alheri. Mun tsayar da Janairu, kuma kwana biyu za mu yi a kudu saboda kunkurun.