Neman kalma: me za mu kira "direban" katin hoto kafin gobe da safe?

Mai Shiri:
Assalamu alaikum. Malamai a taimaka mini, lokaci ya ƙure. Gobe da ƙarfe 9 na safe zan naɗi shiri na minti 15 a kan matsalolin da ke samun masu sayo kayan kwamfutar tebur ɗaya-ɗaya su haɗa da hannunsu. Ƙanena ne ya jawo shirin. Ya haɗa tasa, ya danna maɓalli, fanka na juyawa, fitilu sun kama, sikirin kuwa baƙi ƙirin. Kwana biyu muna fama. Ashe wayar HDMI, mai kai hoto sikirin, ya soka a kafar madabod, wato babban allon da ake dasa sauran kayan a kai, maimakon kafar katin hoton da ya saka, ga shi furosesarsa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, irin ta Intel ce mai harafin F a ƙarshen lambarta, wadda ba ta fitar da hoto da kanta. Da muka mayar da wayar inda ya dace, hoto ya fito tas. Sai dai da ya fara wasan kwamfuta, ko minti goma ba a yi ba sai ga ɗige-ɗige kore da ja sun bazu ko'ina, sikirin ya ɗauke, ya dawo, da saƙo cewa direba ya daina amsawa amma ya farfaɗo.

Ina son in faɗi duk wannan da Hausar da mai sauraro zai gane ba tare da ya tsaya tambaya ba. Yaya zan kira shi katin? Yaya zan ce kaya biyu suna iya aiki tare ko ba sa iyawa? Su ɗige-ɗigen fa? Wanda ya fi damuna shi ne direba. In na ce "direba ya daina amsawa" a rediyo, rabin masu saurare mota za su gani.

Injiniya:
Wa alaikumus salam. Katin hoto. Kada ki ɓata lokaci a kansa, kowa zai gane.

Malamar Hausa:
Na yarda. Wasu na cewa katin zane, amma zane yana kai hankali ga alƙalami, ko ma ga zanen ɗaurawa. Hoto ya ƙunshi mai motsi da marar motsi.

Injiniya:
Na biyun ne yake da aiki, domin Bature kalma ɗaya yake sa wa abu biyu. Ɗauki RAM, ma'ajiyar wucin gadi da ake sokawa a madabod. Nau'o'inta DDR4 da DDR5 duk haƙora 288 gare su, tsawonsu ɗaya, amma tsagar da ke ƙasansu ba wuri ɗaya take ba, ko ka danna da ƙarfi ba za ta shiga ba, sai dai ka karya. Wannan matsala ce ta jiki. Akwai kuma wata: furosesa Ryzen 5000 a kan tsohuwar madabod B450. Gurbin ɗaya ne, AM4, za ta zauna daram, ka kulle ta, ka kunna, shiru. Sai an sabunta BIOS, wato manhajar da ke cikin madabod mai tayar da kwamfuta, kafin su san juna. Ido ba ya ganin wannan, shi ya sa ta fi wahalar da mutane.

Malamar Hausa:
To ai Hausa ta riga ta raba maka su, Injiniya. Na farko rashin dacewa, na biyu rashin jituwa. Hula tana dacewa da kai, abokan zama su ne suke jituwa. 'Yar'uwa, ki ce "ta shiga gurbin, amma jininsu bai haɗu ba", sannan ki kawo kalmar jituwa. Za ta zauna a kunne.

Mai Shiri:
Allah ya saka da alheri, na rubuta. Saura direba.

Mai Gyara:
Ki bar shi direba. Shekara da shekaru ina wannan aiki, duk wanda ya kawo mini kwamfuta direba yake cewa. In kika sauya, wanda ya ji shirinki ya zo wurina ba za mu fahimci juna ba.

Malamar Hausa:
Kafin a bar shi, a gaya mini aikinsa. Tuƙa katin yake yi?

Injiniya:
A'a Malama. Ƙaramar manhaja ce da ke tsakanin Windows da katin. Wasa ya ce a zana masa kaza, ita ce take juya wannan umarni zuwa yaren da wannan katin takamaimai yake ji. Shi ya sa ta kamfanin Nvidia ba ta yi wa katin kamfanin AMD aiki.

Malamar Hausa:
To tafinta ke nan. Tafintan katin hoto.

Baban Ummi:
Ina karanta ku tun ɗazu, raina na sosuwa. Kati, direba, sikirin, madabod, furosesa. A saƙo ɗaya na ƙirga baƙin kalmomi sun fi goma. Wannan Hausa ce ko Turanci da hula? Magabatanmu a aikin rediyo da suka ga helikwafta ba su yi kasala ba, suka ce jirgi mai saukar ungulu. Suka ga kwamfuta suka ce na'ura mai ƙwaƙwalwa. Mu kuma sai mu ɗauko kalmar Bature mu lanƙwasa mata baki mu ce mun yi fassara.

Ni ina da kalma, na daɗe ina amfani da ita wa ɗalibaina: zagi. Zagi shi ne mai tafiya gaban dokin sarki, yana share hanya, yana lura da dokin, in ya yi tutsu shi ke riƙe shi. Doki shi ne katin, mahayi shi ne Windows. Tunda har an yarda a kira abin nunin nan na kwamfuta, wato maus, linzami, to ga doki, ga linzami, me ya hana zagi? Jam'insa ma a shirye yake, zagage. Tamu ce tun kaka da kakanni, ba mu aro ta wurin kowa ba.

Mai Gyara:
Baba, da girmanka, in na rubuta wa mutum "je ka sabunta zagin katinka" me zai karanta?

Baban Ummi:
A baki ba ɗaya suke ba. Na doki gajere ne, na ashar da ja. Kuma shirin rediyo ake magana, ba rubutu ba. In yaran yanzu ba su san zagi ba, wannan dalili ne na koya musu, ba na binne kalmar ba.

Malamar Hausa:
Baba, kalmar tana da kyau, ban raina ta ba. Inda na tsaya shi ne ma'ana. In zagi bai zo ba, mahayi zai hau dokinsa ya tafi, ba abin da ya ragu sai ado. In wannan manhaja ba ta nan, katin ba ya jin cikakken umarni, sai 'yar gaisuwa, hoto ya fito manya-manya, wasa ya ƙi tashi. Wannan halin baƙo ne da ba shi da tafinta.

Ɗan Jami'a:
Malama, sai dai in don gudun Turanci ne, tafinta ma daga Turanci ta zo. Kalmarsu ce ta mai fassara baki da baki, bakin Bahaushe ya goge ta tun zamanin Turawan mulki.

Baban Ummi:
Kun gani ko? An gudu ba a tsira ba.

Ɗan Jami'a:
Baba ai linzamin da ka kafa hujja da shi daga Larabci yake. Allo ma haka, manhaja ma haka. Wa yake jin baƙuncinsu yau? Ba asalin kalma ke mayar da ita Hausa ba, yadda ta zauna a baki ne, ta karɓi jam'i, ta karɓi nasaba. Tafinta, tafintoci, tafintan sarki. Direba, direbobi.

Baban Ummi:
Larabci daban. Ɗaruruwan shekaru muna tare da shi, ta hanyar karatu ya shigo, ba ta bakin bindiga ba. Ku 'yan jami'a kun iya tono asalin kalma, amma ku kawo mana sabuwa guda ɗaya da ta kama bakin jama'a.

Ɗan Jami'a:
Wannan ba adalci ba ne Baba. Su wa suka zauna suka tsara ƙa'idojin rubutun da muke yi da su yanzu?

Mai Gyara:
Ku yi haƙuri, amma yawancin masu ƙirƙiro mana kalmomin nan ba su taɓa riƙe sukudireba sun buɗe akwatin kwamfuta ba. Mu da hannunmu ke ciki kullum ba a taɓa tambayarmu, sai dai a gama a ce mu bi.

Ɗan Nijar:
In sa baki kaɗan. A wajenmu ba kowa ke cewa direba ba, waɗanda suka yi karatu da Faransanci filot suke cewa, wato matuƙi. In kuka tsaya kan direba don haka ake faɗa a wajenku, mu kun bar mu a baya, alhali rediyo ba ta san iyaka ba. Tafinta kuwa duk mun san ta. Hausa ba ta gefe ɗaya ba ce.

Mai Gyara:
Ba wanda ya ce ta gefe ɗaya ce. Amma masu yawa ake bi.

Ɗan Nijar:
Haka kullum ake ce mana.

Mai Shiri:
Don Allah iyayena da yayyena, ƙarfe 11 na dare ta wuce kuma rubutun bai kammala ba. Duk abin da kuka faɗa yana da muhimmanci a wurina, amma a dawo kan katin.

Injiniya:
Bari in gwada kalmomin a kan ainihin aikin, wadda ta ɗauki nauyi ita ce tamu. Saƙon da ƙaninki ya gani, ga abin da ke faruwa. Tun daga Windows Vista, in katin ya yi daƙiƙa 2 bai amsa ba, Windows ba ta jira, sai ta sake tayar da manhajar. Shi ne ɗaukewar sikirin da dawowarsa. Saƙon sunan manhajar yake ambata, amma sau da yawa ba ita ce mai laifi ba. Ana iya samun katin ne ya yi zafi, ko wuta ba ta isarsa. Gurbin PCIe, inda ake soka katin a madabod, wat 75 na wuta kawai yake bayarwa, wayar wuta mai haƙora 6 ta ƙara 75, mai haƙora 8 ta ƙara 150. In wannan wayar ba ta shiga har ta yi ƙas ba, katin zai yi lafiya lau a aikin rubutu, da an shiga wasa ya nemi ƙarfi sai ya suma.

Yanzu ji yadda zai fita: "An yi wa tafinta magana, ya juya wurin baƙo, baƙo ya yi shiru. Sai aka ce tafinta ya daina amsawa." Mai sauraro ya riga ya gane cewa laifin yana iya zama na baƙon. Da direba ba za ki iya wannan ba, domin in mota ta faɗa rami direba ake kamawa.

Ga kuma gwajin da ya fi kowane sauƙi. A kashe, a kunna, a shiga shafin BIOS kafin Windows ta tashi. In ɗige-ɗigen suna nan a wannan shafin, tafinta bai ma iso ba, don haka a wanke shi daga zargi. A duba wayar sikirin, a gwada wata kafa, in abin ya ci gaba to zargi ya koma kan ma'ajiyar katin kanta. In kuwa shafin fes yake, sai an shiga wasa abin ke fitowa, a duba zafi da wuta, sannan a goge tsohon tafinta gaba ɗaya a sa sabo. Akwai manhajar da ake kira DDU, aikinta ke nan.

Mai Gyara:
Wannan bayanin daidai ne, ba ni da ja. Ki tambayi ƙaninki ko faifan ajiyar da ya sa daga tsohuwar kwamfuta ya ciro shi. In katin tsohuwar na wani kamfani ne daban, ragowar direbansa na nan a ciki suna karo da sabon.

Mai Shiri:
Na tambaye shi yanzu. Daga tsohuwar ya ciro, kuma katin wancan na wani kamfani ne. Ya shiga BIOS, ba ɗigo ko ɗaya. Ya buɗe akwatin ya danna wayar mai haƙora 8, ya ce ya ji ta ƙara shiga har ta yi ƙara. Gogewar sai da safe.

Malamar Hausa:
Tafintoci biyu a kan baƙo ɗaya, kowa da yarensa. Ki sa wannan a shirin.

Baban Ummi:
Da zagi ma ana iya faɗa. Zagage biyu kowa na jan doki gefensa.

Malamar Hausa:
Ana iya wannan Baba. Amma "zagi ya daina amsawa" fa?

Ɗan Jami'a:
Ɗige-ɗigen ba a taɓa su ba. Ni dabbare-dabbare nake gani.

Mai Gyara:
Ba kullum ɗigo ba ne. Wani lokaci layuka ne a tsaye, wani lokaci hoton ya tsage gida biyu, wani lokaci fuskar mutum a cikin wasa ta miƙe kamar an ja ta da zare.

Baban Ummi:
Ƙyasfi. Tabo ne da ke fitowa a fata ya ɓata launi. Ko wannan ma za ku ce daga Turanci take?

Malamar Hausa:
Wannan ta yi kyau ga ɗigo, Baba, layukan ne ba ta ɗauka ba. Tsagewar hoto kuma wata matsala ce daban, ko Injiniya?

Injiniya:
Daban ce. Wannan rashin daidaituwar gudu ne tsakanin kati da sikirin, ba alamar lalacewa ba ce. Kada a haɗa su a suna ɗaya, mutum zai je ya jefar da kati mai lafiya.

Mai Shiri:
Ga abin da zan karanta. Karon farko zan ce "manhajar da masu gyara ke kira direba, wadda aikinta aikin tafinta ne tsakanin kwamfuta da katin hoto". Daga nan har ƙarshe tafinta zan riƙa cewa. Dacewa da jituwa kamar yadda Malama ta raba su. Ɗige-ɗigen ba zan sa musu suna ba, zan siffanta su, sannan in ce wani dattijo ya kira su ƙyasfin hoto, in ji abin da masu saurare za su ce.

Mai Gyara:
Tunda direba ya fito ko sau ɗaya ne, shi ke nan. Amma a wurin aiki ba zan sauya ba.

Baban Ummi:
Ban gamsu ba, 'yata, kuma ɗalibaina zagi za su ci gaba da ji. Sai dai tafinta ta fi direba, wannan na yarda. Madabod ɗin nan kuma ba mu gama da ita ba. Allah ya ba da sa'a gobe.

Mai Shiri:
Amin Baba, na gode. Injiniya, wat 150 ka ce ko, mai haƙora 8? Ina so in tabbatar kafin in rufe rubutun.

Injiniya:
150. Mai 6 kuma 75.