Na'ura ce za ta gyara mana zaɓe ko me?

Ɗan_Birni:
Salamu alaikum jama'a. Ina rubuta memuwar ɗina a jami'ar André Salifou kan inganta tsarin zaɓe, malamina ya ce in duba zancen biyometiri. To a 2020 CENI, hukumar zaɓen Nijar, ta yi rajista da yatsu da hoto, sama da mutum miliyan 7 suka shiga fishe, wato kundin masu zaɓe, amma bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa na 21 ga Fabrairu 2021 sai da aka yi rigima har aka katse intanet kusan kwana 10. Kenan na'urar ba ta tsinana komi ba?

Malam_Zango:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ta yi aikinta mana, ta hana mutum ɗaya rajista biyu, shi ke nan abin da aka sayo ta ta yi. Ba ita ke ƙirga ƙuri'a ba. Ni na zauna buron zaɓe, ƙirgan gaban kowa ake yi da tocila, wakilan jam'iyyu na tsaye ba mai ƙiftawa, inda zargi ke farawa shi ne hanyar da takardar PV, wato takardar sakamako, ke bi daga buro zuwa komin zuwa Yamai, nan ne ba mai gani. Nemi binciken da aka yi a Afganistan a zaɓen 2010, sanar da ma'aikata kawai aka yi cewa za a ɗauki hoton takardar sakamako, maguɗi ya ragu. Hoto fa, ba wata na'ura mai tsada ba.

Hajiya_Mirya:
Ku maza kullum zancen PV. Matan ƙauyenmu da yawa ko takardar haihuwa ba su da ita, sai an zo da alƙali an yi musu ta a gurguje daf da rajista, wadda ranar ta tafi kasuwa ko biki shi ke nan an bar ta. A 2016 har da shaidu biyu aka yi zaɓe saboda haka, kuma kun ga cece-kucen da ya jawo. Makiyayan Tasker fa, wa ya bi su rijiya rijiya? Ɗana ka sa wannan a memuwar ɗin don Allah.

Magarya_Iyaka:
Hhhh ku leƙa maƙwabta. Najeriya ta yi amfani da BVAS, na'urar tantance masu zaɓe, a 2023, ran zaɓen shugaban ƙasa sakamako ya ƙi hawa IReV, shafin intanet na nuna sakamako, kan lokaci. Kenya 2017 kotun ƙoli ta soke zaɓen shugaban ƙasa ɗungurungum kan yadda aka aika sakamako. Gambiya kuwa ɗan dutsen gilashi suke jefawa cikin ganga, da shi suka kada Jammeh a 2016. Mu da rezo ke ɓacewa da ka wuce Tanut.

Ɗan_Birni:
Na gode ƙwarai. Malam, wakilan jam'iyya ana ba su kofin PV ɗin a hannu ko kallo kawai suke?

Malam_Zango:
A buron da na zauna an ba su, amma ƙananan jam'iyyu ba su turo kowa ba, kuɗin abinci da na mota ya fi ƙarfinsu. Tambayi tsofaffin wakilai, suna nan cike da fadojin Sabon Gari.