Wane fim kuka kalla wanda ba a buga masa ganga ba?

Baban Ummi: Salamu alaikum jama'a. Lokacin ya sake zagayowa. Daga Janairu zuwa Maris ba ka jin komai sai bukukuwan ba da kyautar fina-finai na Golden Globe, BAFTA da Oscar, fina-finai goman nan dai ake ta juyawa kamar waina a tanda. Bara na ƙona data na sauke uku cikin waɗanda aka fi zuzutawa, biyu barci ya sace ni tun ba a je ko'ina ba. Wanda ya zauna mini a rai wani tsoho ne na Iran, Children of Heaven, na Majid Majidi, 1997. Ya kai zagayen ƙarshe a Oscar amma bai ci ba. Yaro ne ya ɓatar da takalmin ƙanwarsa, suka ɓoye wa iyaye saboda babu kuɗin saye, suka koma karɓa-karɓa da nasa: ita ta je makarantar safe, ta sheƙo a guje ta cire masa a lungu. Ya shiga gasar gudu yana neman na uku, don kyautar na uku ce takalmi, tsautsayi ya sa ya zo na ɗaya. Ummi tana kan cinyata ta ce, "Baba, shi da ya ci me ya sa yake kuka?" Na rasa amsar da zan ba ta. Kowa ya kawo nasa, da yadda aka yi ya gamu da shi.

Maman Khalifa: Wa alaikumus salam. Baban Ummi ka je har Iran, ni na gida ma da ƙyar na same shi. The Milkmaid nake nufi, wanda Najeriya ta tura Oscar bayan an yi watsi da Lionheart a 2019 saboda Turanci ya yi masa yawa. Da Hausa aka yi yawancinsa, a Taraba aka ɗauka, ya ci fim mafi kyau a AMAA, gasar fina-finan Afirka, ta 2020, Maryam Booth ma ta samu kambu. Amma na shiga shagon masu tura fim uku a unguwarmu, ɗaya ya ce, "Hajiya na Indiya ne ko fassara?" Sai daga baya na kalla a wayar ƙanwata, muna kicin ana jiran shinkafa ta tsotse. Labarin 'yar Fulani mai tallan nono ce da ke neman 'yar'uwarta bayan 'yan ta'adda sun far wa ƙauyensu ana tsakiyar biki. Hausar wasu daga cikin 'yan wasan tana ɗan yi mini karo a kunne, ba zan ɓoye ba. Duk da haka shinkafar nan sai da ta kama.

Ɗan Damagaram: Hajiya, abin da ya same ki shi ya same mu. Zin'naariyâ na Rahmatou Keïta shi ne fim na farko da Nijar ta aika Oscar, labarin ma a masarautar Damagaram yake, amma ki tambayi matasa goma a fada, wato majalisar hirar samari, da wuya biyu su ce sun gani. Ni wanda ya girgiza ni shi ne Zinder na Aïcha Macky, 2021. Ba wasa ba ne, rayuwar gaske ce ta samarin Kara-Kara, unguwar da a da aka ware wa kutare. An haska mana shi da dare a jikin farin ƙyalle, da janareto. Na girma ana ce mini kada in kuskura in bi ta can bayan magariba. Sai ga su a gabana suna ɗaga ƙarfe, suna fasa-ƙwaurin mai, suna lissafin abin da za a ci gobe. Wani da ke zaune kusa da ni ya nuna allon ya ce, "Wannan ai na san shi." Daga nan babu wanda ya ƙara yin dariya.

Sarkin Kallo: Ku dai ba ku da aiki sai fim ɗin da zai sa mutum hawan jini. Mutum ya wuni a kasuwa, ya dawo kuma ya kalli wahala? Na gwada fim ɗin Timbuktu saboda yabon da ake yi masa, rabin awa ban ga an yi komai ba.

Baban Ummi: Haba Sarki, da ka yi haƙuri ka kai inda yara ke buga ƙwallo babu ƙwallo saboda an haramta ta. Har gola yana faɗuwa.

Sarkin Kallo: To zan koma. Nawa dai The Lunchbox ne, 2013, na marigayi Irrfan Khan. Masu kai abincin rana a Mumbai suka yi kuskuren kai kular wata mata wurin wani ma'aikaci mai shirin ritaya, sai aka fara saƙa wasiƙa a cikin kula. Kowa ya sa rai shi Indiya za ta tura Oscar, ta tura wani daban. Uwargida ta jira rawa har aka gama, ta ce wannan ba Indiya ba ne, an cuce ta. Washegari na buɗe kulata a shago na tarar da takarda: "A sayo gas."

'Yar Fagge: Sarki ka ba ni dariya, Allah ya bar ku tare. Nawa ba na dariya ba ne, ka yi haƙuri. Muna da maƙwabciya 'yar Sudan da yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya koro. Ita ta kawo mini Goodbye Julia na Mohamed Kordofani, wanda ya samu kyauta a bikin fina-finai na Cannes a shekarar. Wata 'yar Arewacin Sudan ce ta yi sanadin mutuwar wani ɗan Kudu, sai ta ɗauki matarsa aiki a gidanta ba tare da ta gaya mata gaskiya ba, a shekarun da suka kai ga rabuwar ƙasar a 2011. Ni ina fama da karanta fassarar da ke ƙasa, ita Larabcinta take ji kai tsaye, tana riga ni yin tsaki. Can aka nuno wani titi a Khartoum, ta ce in tsayar. Na tsayar. Ta daɗe tana kallon hoton, shayinta ya huce, sannan ta ce mu ci gaba. Har yau ban tambaye ta ba.

Maman Khalifa: Allah sarki. Allah ya zaunar musu da ƙasarsu lafiya. Ki gaishe ta.

Ɗan Damagaram: Amin. Wai cikinku akwai wanda ya ga Mai Martaba, na Hausa da kuka tura Oscar a 2024, wanda aka ɗauka a Daura? Mu nan tallarsa kawai muka gani.

Sarkin Kallo: Ni ma tallar ce. Gobe zan bi ta wajen yaron da ke tura mini, in ya ce na Indiya ne ko fassara zan dawo in ba ku labari.