Kafin a tasa ƙeyar mutum zuwa inda za a azabtar da shi

A wata tattaunawa kan yadda za a hana mayar da mutum ƙasar da za a iya azabtar da shi, shawarar da aka fi nanatawa ita ce kada a dogara ga dokar 'yan gudun hijira kaɗai. Yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 ta ba ƙasa damar korar wanda take ganin barazana ne ga tsaronta. Sashe na 3 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta hana azabtarwa, ta 1984, bai bar wannan ƙofa ba. Kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ma ta tsaya a kan haka a shari'ar Chahal a 1996, ta jaddada a ta Saadi a 2008: ko da ta'addanci ake zargin mutum, ba a mayar da shi inda zai iya shan azaba.

Sai hujja. Mugun sunan ƙasar kaɗai bai isa ba, sai a nuna haɗarin ya shafi mutumin da kansa: rahoton likita kan tabon jikinsa, sammacin kamu, abin da ya sami 'yan'uwansa. Lauya kuma ya nemi umarnin dakatar da korar tun da wuri.

An fi jan zance kan alkawarin da gwamnatin ƙasar da za a mayar da mutum ke rubutawa cewa ba za ta taɓa shi ba. Kotun Turai ta amince da na Jodan a shari'ar Abu Qatada, malamin da Birtaniya ta nemi mayarwa can, a 2012. Ni dai ina tare da masu cewa a fara tambayar wa zai riƙa ziyartarsa a kurkuku, kuma ko za a bar su su gana su kaɗai.