Ɗaliban jinya na Damagaram: me kuka tarar da kuka fita unguwa?

Hadiza: Salamu alaikum. Mako mai zuwa za a tura rukuninmu unguwa wayar da kai kan shirin ko-ta-kwana kafin damina. Yayyenmu da suka riga mu fita, don Allah ku ba mu labari.

Sani: Wa alaikumus salam ƙanwata. Mu a unguwar Birni muka yi, bayan daminar 2024, wadda tsohon masallacin nan ya rushe cikinta a watan Satumba. Kowa ya ga abin da ruwa ke yi wa ginin laka, ba sai an yi dogon bayani ba. Kurenmu ɗaya: muka faɗa gidajen mutane da farar riga ba mu gaida mai unguwa ba. Gida uku aka ce mana mai gidan ba ya nan. Sai da muka koma muka gaishe shi, ya haɗa mu da yaronsa, sannan aka shimfiɗa mana tabarma.

Rakiya: Ni ruwan gishiri da sukari, wanda ake ba mai gudawa, ne ya kunyata ni. Na haddace: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ina gamawa wata tsohuwa ta ce, "Ɗiyata, wane cokali?" Ta miƙo mini ludayin fura. Gidan kaf babu cokalin shayi, babu abin auna lita. Washegari muka dawo da cokali da gora, muka sa kowace mata ta haɗa da hannunta ta ɗanɗana, kada ya fi hawaye gishiri. Matan ba su manta amai da gudawar 2021 ba, har maƙwabta suka kira. Amma ki nanata musu: ana ba shi ne ana hanyar likita, kuma ƙunshin da ake bayarwa a can ya fi haɗin gida.

Mamman: Ku tambayi mutane lambar ƴan kwana-kwana. A majalisar da na zauna, lambar, wato 18, sai wani mai kabu-kabu ya tuna ta.

Rakiya: Gaskiya Mamman. Ga batun ƙuna kuma, mutane cewa suke a shafa ƙwai ko man goge baki, wanda kure ne. Ruwa mai sanyi kawai ake zuba wa wurin, minti 20. Ban yi wa kowa dariya ba, don ni ma haka innata ta yi mini.

Sani: Da yaron da masassara ta sa shi jijjiga: a kwantar da shi ta gefe, kar a cusa cokali a baki.

Hadiza: Na gode ƙwarai. Yaya Rakiya, cokali nawa kuka tafi da shi?

Rakiya: Goma, daga aljihunmu. Biyu suka dawo.