Karatun kafinta a kwalejin al'umma a Amurka: in shiga ko in bi ɗan kwangila?

Ɗan Tasawa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Watana 8 a Greensboro, jihar Karolaina ta Arewa, da katin zama na zo, ina aikin dare a sito. A gida na shekara 6 ina kafinta, ƙofofi da gadaje da rufin kwano. Nan na tarar gida tun daga ƙasa har sama katako ne, raina ya biya. Ina so in shiga kwalejin al'umma in yi difloma ta kafinta da ginin gidaje, da rana. Iyalina na gida. Wanda ya yi ya faɗa min: nawa ake biya, kuma takardar na samar da aiki?

Na Bronx: Wa alaikumus salam. Ka shiga ƙungiyar kafintoci kawai, shekara 4 kana koyo ana biyanka.

Ɗan Tasawa: Yaya, Karolaina ta Arewa nake, ƙungiya ba ta da ƙarfi a nan.

Maman Hanifa: Mijina ya yi. Dala 76 ne kowane kiredit, wato ma'aunin awannin darasi, kuma tallafin karatu na gwamnatin tarayya da ake kira Pell ya biya masa kusan duka.

Bakatsine: 76 ina? Ni 268 aka ce min, na juyo ko fom ban cika ba.

Maman Hanifa: Don ba ka cika wata 12 a jihar ba ne, Malam. Ɗan Tasawa ƙanena, kai ma haka za a yi maka, ka jira wata 4. Ka gyara lissafin inci tun yanzu, don santimita ba ta aiki a nan. Katakon da suke kira 2 da 4 ma in ka ɗora tef 1 da rabi ne da 3 da rabi, kuma tazarar inci 16 ake jera su a bango. Mijina sai da ya ɓata katako da yawa kafin kansa ya ɗauka.

Tsohon Kafinta: Ɗana, saurare ni. Na ƙi makaranta na bi wani ɗan kwangila, wai hannu ya fi takarda. Tsaba yake ba mu duk Juma'a, ina murna. Wata safiya raɓa ba ta bushe ba ya ce mu hau rufi, ba igiya ba komai. Ƙafata ta zame, na faɗo kan tarin bulo, ƙugu ya karye. A asibiti na ji wai ni ba ma'aikacinsa ba ne, a takardar haraji ta 1099 ya sa ni, mai zaman kansa, ba ni cikin inshora. Ko leƙo ni bai yi ba. Wata 7 ina kwance, matata ta sayar da sarƙarta. Yau ko tsani na gani sai gabana ya faɗi.

Bakatsine: Subhanallahi, Allah ya ƙara lafiya Baba.

Na Bronx: Allah ya sawwaƙe. Amma ai makaranta ba ta hana faɗuwa.

Tsohon Kafinta: Da na zauna ajin awa 10 ɗin nan na OSHA, hukumar kare lafiyar ma'aikata a wurin aiki, da na san ina da haƙƙin ƙin hawa. Kai ka taɓa riƙe bindigar ƙusa, ko tasi kake ja?

Na Bronx: Tasi nake ja Baba, amma ƙanena na cikin ƙungiyar, ina ganin takardar albashinsa.

Ɗan Zongo: Ku dai ku gina musu gidan katako kamar akwatin ashana, ana jin tarin maƙwabci ta bango. Gara bulo irin na gida!

Maman Hanifa: Ana maganar rayuwar mutum kana wasa. Kuma kada ya zaci difloma lasisi ce. A jihar nan aikin da ya kai dala 40,000 sai da lasisin kwangila, jarrabawarsa daban.

Bakatsine: Ni bulon ma bai tsinana min komai ba. Shekara 3 ina tura kuɗin siminti gida, ana turo min hoton gini ya kai linta. Da na je, ashe ginin maƙwabci ake ɗauka, filina ko tushe ba a haƙa ba.

Ɗan Zongo: Ɗan uwa ka ba ko bare?

Bakatsine: Uwa ɗaya uba ɗaya.

Ɗan Tasawa: Allah ya mayar da alheri. To aikin dare da karatun rana fa, akwai wanda ya haɗa?

Na Bronx: Bakatsine, ka ce a riƙa yi maka bidiyo kai tsaye, magini ya faɗi ranar da bakinsa. Buhun siminti nawa suka ce maka yanzu a Katsina?